Aikin Baƙuwa

Ina durƙushe a ɗakin Yaya Tela, rabin jikina a ƙarƙashin gado, ina miƙa wa magenta ɗan kifi a murfin kwano, sai wayata ta kama ƙara a kan tebur. Ban tashi da wuri ba. Gwiwoyina ba sa son gaggawa, kuma na ga kamar magen ta ɗan miƙo hanci. Wayar ta katse, ta sake kamawa. Da na ɗauka sai na ji muryar Tilo, 'yar Yaya Tela guda ɗaya a duniya, wadda ke jinyarta a asibiti.

"Inna," ta ce. Ina jin takun mutane a bayanta. "Inna, Mama ta tafi."

Na ce mata to. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, to, kamar wadda aka aika kasuwa. Sai da na ajiye wayar na ga murfin kwanon yana hannuna, man kifin yana bin yatsuna yana ɗiga a kan leda. Na zauna a ƙasa na jingina da keken ɗinki. Daga ƙarƙashin gado idanu biyu suna kallona, ni ma ina kallonsu, na rasa yadda ake gaya wa mage irin wannan magana.

Shekara da shekaru ƙofata tana kallon tata, a hawa na biyu na wani dogon gidan haya, baranda ɗaya, famfo ɗaya. Ni wanki da guga nake yi wa mutane, ita ɗinki. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa Sarkin Kumfa take kirana. Takan ce ni ce nake kashe kayan da ta sha wahala ta ɗinka, ni kuma in ce da ba ta ɗinka su a karkace ba da ban sha wahalar miƙar da su ba. A haka muka tsufa. Mijinta ya rasu tun Tilo tana goye, kuma da wannan keken ta raine ta har ta yi karatu ta samu aikin ofis a wani gari. Mace ce mai kamewa. Ba ta dariya a gaban masu kawo ɗinki, ba ta zaman gulma a bakin famfo, kullum tef ɗin awo yana rataye a wuyanta kamar da shi aka haife ta.

Magen kuwa ranar wani ruwan sama ta tsince ta a ƙarƙashin matakala, 'yar mitsitsiya, fara da baƙi, a jiƙe sharkaf. Ta ce za ta bar ta ta sha ɗumi, in ruwa ya ɗauke ta kama gabanta, shi ya sa ta sa mata suna Baƙuwa. Ruwa ya ɗauke, damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, Baƙuwa tana nan a kan tulin ƙyallaye tana miƙa. Maigidana, wanda direba ne, yakan leƙa ya ce, "Yaya, baƙuwar nan taku har yanzu ba ta samu mota ba ne? In kai ta tasha?"

Ni ba na shiri da mage. Gashinta ɗaya a kan baƙin wandon mutum ya isa ya sa in sake wanki. In ta leƙo ƙofata tsintsiya nake ɗagawa. Yaya Tela takan ce ba ni da laifi, jahilcin yaren ne. Wai mage ba da baki take magana ba, da wutsiya da kunne take yi. In ta ɗaga wutsiya sama ta nufo ki, sallama ce. In tana kaɗa ta tana dukan ƙasa, ba murna ba ce irin ta kare, ki ja jikinki. In ta kwanta ta nuna miki ciki, yarda ce ta nuna, ba cewa ta yi ki taɓa ba. Kuma kada ki tsare ta da ido, a wurinsu neman faɗa ne. Ina guga tana faɗa, yana shiga ta nan yana fita ta can.

Abu ɗaya ne ban taɓa ganewa ba. Kullum da safe, kafin ta buɗe ƙofa, nakan ji gudu-gudu a ɗakinta, wani abu ya daki ƙafar tebur, sai in ji dariyarta ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta yi a waje. Da na tambaye ta sai ta gyara tabarau ta ce, "Aiki muke yi." Na ɗauka yankan yadi take nufi, ban ƙara tambaya ba. Haka kuma in za ta auna mutum, ba ta farawa daga kan tef. Sai ta dunƙule farkonsa a tafin hannu, ta fara daga goma, ta cire goman a ka. Na ce ta sayi sabo mana, ta ce kan ne kawai ya lalace, kuma wannan ya san hannunta.

Ciwon ya fara mata da kumburin ƙafa, sai numfashi. Keken da ke tashina da safe ya koma yana yi yana hutawa, daga baya ya yi shiru. Ranar da Tilo ta zo da mota za ta kai ta asibiti, ta tsaya a ƙofata, ta dafa bango, ta danƙa mini mabuɗi. Ta ce in riƙa kwashe yashin da magen ke bayan gida a ciki kullum, in ba haka ba ba za ta shiga ba. Ta ce kada in ajiye ruwa kusa da abinci, ba ta sha, in kai shi bakin taga. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, tari ya sarƙe ta, mai mota yana ta oda a ƙasa. Ta ɗaga mini hannu alamar sai ta dawo.

Tun daga ranar Baƙuwa ta shige ƙarƙashin gado. Ruwa takan fito ta lasa in ba kowa, amma abinci ko kallo. Na kai kifi, na kai ƙwai, na kai hantar kaza da na dafa ba gishiri. In na dawo sai in tarar ƙuda ne kawai suka ci.

Da na je dubiya na tarar da Yaya Tela ta ƙanƙance a kan gado, robar iska a hancinta, wuyanta ba tef, sai na ga kamar ba ita ba. Ta tambayi masu ɗinki, ta tambayi maigidana, sannan ta ce ina Baƙuwa. Na so in yi mata ƙarya, amma ta san fuskata. Na ce ba ta ci.

"Kin ba ta aiki?" ta ce.

"Wane aiki, Yaya?"

"Ba ta ci sai ta yi aiki."

Na dubi Tilo. Ta girgiza mini kai a hankali, ta raɗa mini cewa tun jiya take haɗa zance, har tana tambayar rigar wata mata da ta daɗe da rasuwa. Sai na ce to, Yaya, zan ba ta, ki kwantar da hankalinki. Ta lumshe ido. Hannunta yana kan zanen gado, na ga yana tafiya: ta ja shi kaɗan, ta tsaya, ta ɗan girgiza yatsu, ta sake ja, har ya kai bakin katifa ya leƙa ƙasa. Tilo ta kama hannun ta mayar da shi cikin bargo, ta ce kada sanyi ya kama ta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Bayan rasuwar ɗakin ya cika da masu gaisuwa, takalma har bakin matakala. Baƙuwa ta ƙara matsawa can ƙuryar bango. Da mutane suka ragu na sa hannu na jawo ta, sai na ji kamar tsumma na ɗauka, ƙashin bayanta yana sukan tafin hannuna. Maigidana ya sa ta a kwali ya kai ta wurin likitan dabbobi. Likitan ya duba ya ce bai ga cuta ba, kewa ce. Amma ya ce mage ba kamar kare ba ce, in ta daɗe ba ta ci ba hantarta ke lalacewa, kuma in aka kai nan ba a cika dawowa ba. Ya ba da sirinji a riƙa ɗura mata. Na naɗe ta a tawul na gwada. Ta yage mini hannu, ta tofar, ta koma ƙarƙashin gado ta juya mini baya.

Maigidana yana shafa mini magani ya ce, "Ke da kike bin ta da tsintsiya, yau ke ce da kuka a kanta."

Na ce masa ba a kanta nake kuka ba. Ya ce ya sani. Abu ɗaya matar nan ta taɓa roƙona tun da muke, ga shi yana mutuwa a hannuna ina kallo.

Mai gidan hayar ya ce yana son ɗakinsa. Tilo ta zo haɗa kaya, ita da Gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, mace mai yawan magana da ba ta taka gidan ba sai da aka yi mutuwa. Washegari motar kaya za ta zo. Na shiga ina taya su naɗe yadi. Da na ɗauko zancen magen, Tilo ta ce inda take haya ba a yarda da dabba ba. Gwaggo ta ce abu mai sauƙi, a kai ta bayan kasuwa wajen masu kifi a sake ta, ai mage ba ta rasa na kai wa baki. Na ce wannan ko tsayuwa da kyar take yi. Gwaggo ta ce to ai mu ma duk tafiya za mu yi.

Tilo ta jawo aljihun keken ɗinki, ta zaro allurai da alli da almakashi, sannan ta zaro tef ɗin. Ta tsaya da shi a hannu kamar ya ƙone ta. Ta juya za ta kai shi jakarta, jelarsa tana jan ƙasa a bayanta, ta bi ta kan leda, ta kewaya ƙafar tebur ta ɓace.

Sai ga farar ƙafa ta fito daga ƙarƙashin gado ta daki wurin da ya wuce.

Ni kaɗai na gani. Ban nemi izini ba, na karɓe tef ɗin daga hannun Tilo na duba kansa. Ramukan haƙori ne jere, ƙanana kamar na allura, tun daga ƙarfen baki har zuwa goma, lambobin duk sun goge. Na durƙusa. Da farko na jefa mata shi a fuska, ta ja da baya ta kwantar da kunnuwa. Sai hannun nan na kan zanen asibiti ya faɗo mini. Na shimfiɗa tef ɗin a ƙasa, na kau da idona daga kanta. Na ja kaɗan, na tsaya. Na ɗan girgiza shi. Na sake ja, ba wajenta ba, nesa da ita, kamar abin da ke neman tsira, har kansa ya kai ƙafar tebur ya fara ɓuya.

Ta fito da ciki a ƙasa. Idanunta sun zama baƙi gaba ɗaya. Ta tattara ƙafafun baya, ta karkaɗa ƙugu, ta yi tsalle, ƙarfi ya gaza mata ta faɗi gefe. Ta tashi. Na sake ja a hankali, na rage mata nisa. A karo na biyu ta danne shi da hannu biyu, ta kafa masa haƙori, ta kwanta a gefe tana shurinsa da ƙafafun baya. Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ke fitowa tare da majina.

"Baiwar Allah, lafiyarki kuwa?" in ji Gwaggo. "Ƙasar kabari ba ta bushe ba, kina wasa da mage a ɗakin mamaciya?"

Na ce ba wasa ba ne, aiki ne. Na rarrafa na jawo murfin kwanon na tura gabanta. Ta saki tef ɗin, ta shinshina, ta ɗauki 'yar tsoka ɗaya ta tauna a gefen baki. Ta ƙara ɗaya. Ba ta ci da yawa ba, amma ta ci. Sannan ta zauna ta lashi hannu ta fara goge fuska.

Gwaggo ta ja tsaki ta fita da ƙunshin yadi. Tilo tana tsaye inda na bar ta.

"Wannan ne aikin?" ta ce.

Na gyaɗa kai.

"Nuna mana take yi. Ni kuma na mayar mata da hannu cikin bargo."

Na ce ni ma ina wurin, da idona biyu, kuma ni ce ma na shekara ina jin gudunsu ta bango. Ta sunkuya ta ɗauki tef ɗin tana shafa ramukan da babban yatsa.

"Inna, ni ba ta taɓa wasa da ni ba. Ina yarinya in na ja tef ɗin nan, dukan hannu nake sha."

Na gaya mata abin da na sani. Lokacin da take yarinya, in keken nan ya tsaya tukunya ma ta tsaya. Uwarta ba ta samu safiya ta kanta ba sai da ta ga ta kama aiki, kuma lokacin ɗakin ya riga ya zama ba kowa. Ban san ko ta ji ni ba. Ta naɗe tef ɗin a yatsu, ta kai shi hanci, ta ce shi kaɗai ne ya rage da ƙamshin wuyanta, sauran kayan duk warin asibiti suke. Ta sa shi a jakar hannu ta ja zif. Da wane ido zan ce wa marainiya ta bar wa mage abin uwarta?

Na kwashe Baƙuwa na kai ta ɗakina, da yashinta da kwanon ruwanta da wani tsohon ƙyalle da take kwanciya a kai. Da yamma na yanko igiyar shanya na ja mata. Ta bi ta da ido, kunne ɗaya ya motsa, shi ke nan. Na gwada igiyar takalmin maigidana, na gwada bakin zane da na yage. Na sayo sabon tef a shagon ƙasa, ta shinshina ta kau da kai. Abincin yana nan yadda na zuba.

Da safe motar kaya ta zo. Ina jin masu dako suna saukar da keken a matakala, ƙarfensa yana dukan bango, ɗaya yana ce wa ɗaya ya riƙe da kyau. Baƙuwa ta je bakin ƙofata ta zauna tana wani kuka siriri da ban taɓa jin ta yi ba. Na zauna a ƙasa da igiyar shanya ina ja, ina tsayawa, ina ja, ba ta ko waiwayo ba.

A haka Tilo ta same ni da ta shigo sallama, jaka a kafaɗa. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta dubi igiyoyin da na tara a gefe. Sannan ta tuɓe takalmi, ta tattare siket ɗin ofis ta durƙusa, ta buɗe jakar.

"Nuna mini yadda take yi."

Na ce kada ta kai mata, ta gudar mata da shi. Kada ta kalle ta, ta kalli tef ɗin. Ta yi sauri da yawa, na dafa hannunta na ce ɓera ba ya gudu a miƙe, yana tsayawa ya saurara. Ta ja, ta tsaya. Ta kewaya da shi bayan kwandon wanki ta bar jelar a waje tana rawa. Baƙuwa ta bar bakin ƙofa. Ta laɓe a bayan bokiti, ta leƙo da ido ɗaya, ta faɗa masa. Tilo ta ɗan yi ƙara, ta fizge, magen ta bi shi har kan cinyarta ta cafke.

Tilo ta fara ja za ta karɓe. Na ce a'a, in ta kama a ƙarshe ba a ƙwacewa, sai a bar mata ta san ta yi nasara, sannan a ba ta abinci. Tana riƙe da gefe ɗaya, magen tana riƙe da ɗaya. A ƙasa direba ya danna oda. Na ga yatsunta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, har tef ɗin ya zame ya faɗi a kan leda.

Ita ta tura kwanon da hannunta. Muka zauna muna jin ƙarar taunar, hawaye yana ɗiga daga haɓarta a kan siket, ba ta share ba. Da aka sake oda ta tashi ta sa takalmi. Ba ta dubi tef ɗin ba. A bakin ƙofa ta ce in ta samu hutu za ta zo ta karɓe ni aikin kwana biyu, in hutar da gwiwoyina. Na ce Allah ya kawo ta.

Wani mai gyaran waya ne a ɗakin Yaya Tela yanzu, da matarsa, mutanen kirki. Baƙuwa ta mayar da jikinta, har ta fi da. Gashinta yana kan kayan mutane, na sayi buroshi na daina faɗa.

Kullum da safe, kafin in jiƙa wanki, nakan sauko da tef ɗin daga ƙusa in dafa gado in durƙusa. Maigidana yakan tsallake mu da kofin shayinsa ya ce ma'aikata an fito. In ja, in tsaya, in ɓoye, har ta gaji ta danne shi ta ƙi saki. Sai in ce mata, "Sannu da aiki," in tura mata kwano. Ba ta ɗago kai. Ni kuma tashi daga ƙasa ba ya mini sauƙi, sai in zauna nan a kan leda, bayana a jikin gado, har ta gama ci ta wanke fuska.